Tambaya da Amsa: Wai Ƙarfe Ma Yana Tsufa?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonni sun taru min tun kafin a fara yankan gero, yawanci kan batir da sola ne kamar kullum, amma yau guda uku na tsamo na ɗaure su da igiya ɗaya. Masu su basu san juna ba, ɗaya mai burodi, ɗaya 'yar gidan maƙera, ɗaya mai cajin waya, sai dai duk a rijiya ɗaya suka jefa guga. Na rage tsawon gaisuwar kowa, a yafe ni.

TAMBAYA, daga wani mai gidan burodi a yankin Ringim:

Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ina da tanderun burodi na itace a ƙauyenmu, shekara biyu kenan na sayo ma'aunin zafi irin mai doguwar wayar nan da ake zurawa ta bango, an rubuta K a jikinsa. Kwanan nan na sayo sabo irinsa sak saboda tanderu na biyu da nake ginawa, nace bari in gwada su tare, na zura su rami ɗaya. Sabon yace 300, tsohon yace 305. Na koma wajen mai shagon yace wai wayar ce ta tsufa. Malam wayar nan bata tsinke ba bata yi tsatsa ba ko lanƙwasa bata yi ba, ƙarfe yana tsufa ne kamar mutum ko dai so yake in ƙara sayen wani?

AMSA: Alhaji barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara kasuwa. Mai shagon nan ko da harbin iska yayi, to ya sami tsuntsu. Wayar tana tsufa, amma ba tsufan da ido ke gani ba, kuma sai na fara gaya maka yadda abin yake aiki sannan zaka ga inda furfurar take.

A cikin bututun da kake zurawa a bango akwai siraran waya guda biyu, kowacce ƙarfenta daban, an narka bakinsu an haɗe a can ƙarshe. Babu batir a wayar babu komai, zafin da kansa yake haifar da 'yar wutar lantarki, akwatin mai lamba ya karanta ta ya juya maka ita zuwa digiri. Wani Bajamushe mai suna Thomas Seebeck ne ya ci karo da wannan a 1821, ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe da ake kira bismut yayi zobe dasu, ya ɗumama mahaɗa ɗaya, sai yaga allurar kamfas ta karkace. Shi a zatonsa maganaɗisu zafin ya haifar, daga baya aka tabbatar lantarki ne ke zagaya zoben.

Dalilin kuwa, a cikin kowane ƙarfe akwai wasu 'yan mitsi-mitsi masu yawo da ake kira ilektiron, su ne ma lantarkin gaba ɗaya. In gefe ɗaya na waya ya ɗau zafi sai na wannan gefen su rikice da kai-komo su fara gangarawa wajen sanyi, kamar dai kasuwar Maigatari da azahar, kowa ya bar fili ya cunkushe a inuwar rumfa. Wannan cunkoson shine matsin da akwatin ke aunawa. Kowane ƙarfe da nasa gwargwadon, wani ma juyewa nasa yake yi, shi yasa dole sai waya biyu mabambanta, in iri ɗaya ne sai su soke juna a tashi babu komai. Naka mai K ɗin, ɗaya sunanta kuromel, nikel kashi 90 da kuromiyam kashi 10, ɗayar kuma alumel, nikel wajen kashi 95 sauran alminiyam da manganis da silikon. Su biyun suna bada wajen maikurobolt 41 kan kowane digiri ɗaya, maikurobolt kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt. Wato duk rurin da tanderunka yake yi a 300, abin da ke isa akwatin bai wuce kashi 11 ko 12 cikin dubu na bolt ɗaya ba, batirin tocila ɗaya ya ninka shi sama da sau ɗari. Kaga kenan ɗan abu kaɗan in ya taɓa wayar lamba zata motsa.

To ga inda tsufan yake. Ƙarfe in ka bi shi har ƙarshen ƙanƙanta, ƙwayoyin zarra ne a jere reras kowacce da gurbinta, kamar ramukan shuka a kan kunya. Ramukan suna nan daram, abin da ke canzawa shine wa ke zaune a wane rami. Ka ɗauki manoma biyu, kowa ka bashi irin gero mai yawa da ɗan irin wake. Na farko ya juye su a ƙwarya ɗaya ya cakuɗa, duk abin da hannu ya ɗebo shi yake jefawa, sai kaga wani wajen wake uku sun haɗu wani wajen kayi taku ashirin baka ga ko ɗaya ba. Na biyu ya bi yadda aka gada, ya shuka geronsa ya bar wa wake gurbinsa tsakani-tsakani. Iri ɗaya, fili ɗaya, amma duk wanda ya ratsa gonakin nan da damina ya san ba gona ɗaya bace.

Sabuwar wayar kuromel gonar manomi na farko ce. A masana'anta an gasa ta da wuta mai ƙarfi an sanyaya ta da sauri, kuromiyam ɗin ya tsaya cak a duk inda sanyi ya riske shi, kuma in ka ajiye ta a shago shekara goma haka zata zauna don a sanyi ƙwayoyin basu da ƙarfin barin gurbinsu. In kuma wuta tayi yawa, sama da digiri 600 haka, rawar jikin tayi yawa babu jerin da zai zaunu. Tsakiyar ce fitinar, daga wajen digiri 250 zuwa 550, kuma nan ne tanderunka yake kwana yake tashi. A wannan zafin ƙwayoyin suna da ɗan kuzarin musayar gurbi da maƙwabta, shi kuma kuromiyam halin kishiyoyi gare shi, baya son ɗan uwansa a kusa, ya fi son nikel ya kewaye shi. Sai su riƙa gyara zama a hankali, ba duk wayar ba, unguwa-unguwa, 'yan gidaje kaɗan nan kaɗan can. Ko a sikelin masu zinari ka ɗora ta babu abin da ya ragu babu abin da ya ƙaru, amma hanyar da ilektiron ke bi ta canza, kuromel ɗin ya fara bada fiye da abin da akwatin ya saba, lamba ta hau. Digiri biyu, uku, har wajen biyar. Kuma abin baya jiran shekara biyu, kar kayi mamaki in bayan 'yan makonni sabon naka ma ya matso kusa da yayansa.

Akwai wani abu da har masu gyaran lantarki da yawa ke kuskurewa a kai, suna ganin a bakin mahaɗar nan ne wutar ke fitowa. A'a, a tsawon wayar take fitowa, daidai inda zafi ke sauka daga mai yawa zuwa kaɗan, a wajenka kenan cikin kaurin bangon tanderu. Shi yasa tsohuwar waya in ka ƙara tura ta ciki ko ka janyo ta waje sai ta baka wata lambar, don wani ɓangaren nata ya gasu wani bai gasu ba, kuma ka canza wanda ya faɗo a bangon.

Kar in ɗora wa tsufa laifin duka dai. Wayar K ta gama-gari tun tana sabuwa an yarje mata kuskuren digiri biyu da ɗoriya, sama ko ƙasa, saboda haka sababbi biyu ma zasu iya saɓawa da digiri huɗu ba wanda ya cuce ka. Ni a ganina kar ka sayi komai. Burodi bai san lamba ba, kai ka san a wace lamba tsohon ma'aunin ke baka burodi mai kyau, ka riƙe ta, ka bar wayar a inda take kar yara su riƙa zaro ta suna mayarwa, sabon tanderu kuma ka koyi tasa lambar da sabon ma'auninsa. Abin da zan ja kunnenka a kai shine ƙarin waya. In wayar ta gaza kar ka bari a ƙara maka da wayar wuta ta jan ƙarfe, in mahaɗin ya zauna jikin bango mai digiri 60 akwatin kuma yana inda ake da 35, to ka tafka asarar digiri 25 cur, lambar zata sauka, nan ne burodi ke ƙonewa ana zagin itace. Akwai wayar ƙari ta musamman mai K. In kana zargin akwatin ne, tsoma bakin a tafasasshen ruwa, a ƙasarmu ta Kano da Jigawa 98 ko 99 ya kamata ka gani ba 100 ba, don mun ɗan ɗaga sama da teku. In kuma wata rana kuɗi sun zauna, akwai mai N wadda Noel Burley da abokan aikinsa suka haɗa a Ostareliya, sun ɗaga kuromiyam zuwa wajen kashi 14 suka ƙara ɗan silikon, musamman don rage wannan gyaran zaman.

TAMBAYA, daga wata ɗalibar sakandare a yankin Kazaure:

Malam ina wuni. Mu gidan maƙera ne. Kakana in ya ƙera gatari ko lauje sai ya tsoma shi a ruwa da zafinsa yace don yayi ƙarfi. Kawuna kuma da yake aikin zinari a birni yace shi jan zinari in ya gasa shi tsoma shi yake don yayi taushi, in ya barshi ya huce da kansa tsagewa yake. Rannan har gardama suka yi a zaure. Waye mai gaskiya?

AMSA: 'Yata lafiya lau, ki gaida min Baba da kyau. Kice musu kowa ya mayar da wuƙarsa, dukkansu suna da gaskiya, kuma ruwan aiki ɗaya yake musu: yana kama ƙwayoyin ƙarfe a inda suke kafin su sami damar gyara zama. Bambancin shine me aka kama.

A wajen Baba, baƙin ƙarfe ne mai ɗan sinadarin gawayi a ciki. In yayi ja jawur gawayin nan narkewa yake a tsakanin ƙwayoyin ƙarfen, in aka tsoma shi farat ɗaya bai samu ya fita ba sai ya maƙale ya takura jerin, ƙarfe yayi tauri har ya so yin gautsi, shi yasa zaki ga ana ɗan sake nuna masa wuta kaɗan bayan nan.

Na kawunki ya fi daɗin labari. Jan zinari mai karat 18, kashi 75 zinari ne a nauyi, in sauran 25 ɗin jan ƙarfe ne to ki lura, ƙwayar zinari ta ninka ta jan ƙarfe wajen sau uku a nauyi, saboda haka in ƙirga su za'ayi kusan ɗaya da ɗaya suke. Da zafi sosai a cakuɗe suke. In aka barshi yana hucewa a hankali, yana saukowa wajen digiri 400 sai su ware, shimfiɗa ɗaya zinari zalla, ta samanta jan ƙarfe zalla, haka haka, kuma wannan jerin yana ɗan matse ginin ta gefe ɗaya, nan ya matse ta gabas can ya matse ta arewa, ƙarfen ya cika da ja-in-ja a cikinsa, yayi tauri, a buga guduma ya tsage. In an tsoma shi basu samu sun ware ba, ya zauna a cakuɗe da taushinsa.

Wannan haɗin na zinari da jan ƙarfe shi ya buɗe wa masana ido kan maganar gaba ɗaya. Nikolai Kurnakov da abokansa a Rasha sun lura da abin a 1916, sannan Johansson da Linde a Suwidin suka haska shi da hoton ƙashi a 1925 suka ga jerin, Bragg da Williams a Ingila suka yi masa lissafi a 1934. Akwai wani haɗin, jan ƙarfe uku zinari ɗaya, da ke jeruwa ƙasa da digiri 390, in ya jeru turjiyar da yake wa lantarki tana raguwa fiye da rabi, abu ɗaya nauyi ɗaya, don kawai kowa ya koma gurbinsa hanya ta miƙe. Ki riƙe wannan don tambayar da ke tafe. Amma kar ki mayar dashi doka, wayar Alhaji mai burodi da ta jeru unguwa-unguwa turjiyarta ɗan ƙaruwa ma take yi.

TAMBAYA, daga wani matashi mai cajin waya a wani ƙauye kusa da Gumel:

Slm Malam dan Allah a taimaka. Na ga bidiyo a Facebook wani yana cajin waya da murhu, ya ɗora wani farin abu kamar tayil a kan wuta. Na je na ciro irinsa guda biyu a tsohuwar na'urar sanyaya ruwa, an rubuta TEC1-12706. Na ɗora ɗaya a murhun gawayi mita ta nuna bolt ɗaya da wani abu sai ya fara sauka, can sai ya mutu gaba ɗaya. Man janareto ya ishe ni wlh. Me na yi ba daidai ba, kuma me yasa ba za'a yi abin da jan ƙarfe ba tunda shi ya fi ɗaukar wuta?

AMSA: Ƙanena sannu da fama, kuma naji daɗi da ka gwada da hannunka ka sa mita, da yawa sai dai su tura bidiyon gaba. Farin abin nan an yi shi ne don sanyayawa. Wani Bafaranshe mai gyaran agogo, Jean Peltier, ya gano a 1834 cewa abin Seebeck yana juyuwa, in ka tura lantarki ta mahaɗar ƙarfe biyu gefe ɗaya yayi sanyi ɗaya yayi zafi. Kai kuma ka juya shi baya, kuma yana yi, sai dai dalmar da aka liƙa 'ya'yan cikinsa da ita a irin masu arahar nan tana narkewa tun a digiri 138, garwashi kuwa ya ninka haka sau da yawa. Narkar dashi kayi. Saukar da kaga mita nayi kafin ya mutu kuma, saman ne ya ɗau zafi shima. Abin ba zafi yake ci ba, bambancin zafi yake ci tsakanin fuskokinsa biyu, in duka biyun sun yi zafi ɗaya ko a tsakiyar maƙera ne sifili zaka gani.

Tambayarka ta jan ƙarfe ita ce mai tsoka. Abu uku ake nema wajen duk abin da za'a yi wannan aikin dashi: ya bada matsi mai yawa kan kowane digiri, ya bar lantarki ya wuce ba wahala, sannan ya hana zafi wucewa don gefen sanyi ya zauna da sanyinsa. Taura uku kenan a baki ɗaya, alhali biyu ma bata taunuwa. Jan ƙarfe ya ci na biyu amma ya faɗi sauran warwas, abin da yake bayarwa bai wuce maikurobolt 2 kan digiri ba, zafi kuma ratsa shi yake kamar ruwa a kwando, a ma'aunin da ake auna yadda zafi ke ratsa abu yana da wajen 400. Kuma ba gyaruwa zai yi ba, don a ƙarfe ilektiron ɗin da ke ɗaukar lantarki su ne dai ke ɗaukar zafin, tun 1853 Wiedemann da Franz suka nuna tare suke hawa tare suke sauka. 'Yan dutsen da ke cikin naka kuwa haɗin bismut da teluriyam ne, suna bada wajen maikurobolt 200, zafi kuma a wancan ma'aunin ɗaya da rabi kacal. Julian Goldsmid ne ya nuna amfaninsa a Ingila a 1954, kuma har yau shi ake sawa.

Yanzu ga inda maganarka ta haɗu da ta mai burodi da ta 'yar maƙera. Zafi hanya biyu yake bi a cikin abu mai tauri, ɗaya a kan ilektiron, ɗaya kuma girgiza ce, wannan ƙwayar ta girgiza ta taɓa ta kusa da ita, ita ma ta taɓa ta gaba. Ka tuna ranar gobara ko ranar zubin dakin, in aka yi layi ana miƙa bokiti hannu da hannu, in duk majiya ƙarfi ne sa'o'in juna bokiti gudu yake, amma ka cusa yaro nan tsoho can ƙato a tsakani kaga yadda ruwa zai riƙa tsayawa yana zubewa. Haka girgizar take, tana son jeri mai nauyi ɗaya. Silikon zalla yana da wajen 150 a ma'aunin nan, jamaniyam zalla wajen 60, kai kace in an haɗa su za'a sami wani abu a tsakani, ina, faɗowa yake ƙasa da 10.

Abram Ioffe na Tarayyar Sobiyet shi ya mayar da wannan dabara a shekarun 1950: ka cire wasu ƙwayoyin ka sa 'yan gidansu, masu hali ɗaya amma nauyi daban. Su ilektiron da kyar suke lura an canza mutum don hannu iri ɗaya ya miƙo musu, ita kuwa girgiza sai tayi ta tuntuɓe. A cikin farin tayil ɗinka haka aka yi. Dutsen shimfiɗa biyar-biyar ne a jere, teluriyam, bismut, teluriyam, bismut, teluriyam, wannan jerin ba'a taɓa shi, amma a cikin shimfiɗar bismut sai a barbaɗa antimoni, a wasu 'yan dutsen kuma cikin ta teluriyam a barbaɗa seleniyam. Tsari a sama, cakuɗa a ciki, da gangan. Wani masani a Amurka, Glen Slack, ya taƙaita burin a 1995 da cewa abin ya zama gilashi a wajen zafi, ya zama jerarren dutse a wajen ilektiron. Amma ba kowace cakuɗa ke da albarka ba, in bismut ya tsallaka ya zauna a gurbin teluriyam yawan masu ɗaukar lantarkin ne ke canzawa, har ya kan juya wace fuska ce mai kyauta wace ce mai karɓa, shi yasa masu haɗa shi suke auna komai kamar masu haɗa magani.

Akwai wasu dangin ƙarafa da suka fi kowa nuna cewa gurbi ya fi iri. A 1903 Friedrich Heusler a Jamus ya haɗa jan ƙarfe da manganis da alminiyam, babu ko ɗaya cikinsu da mayen ƙarfe ke kamawa, amma haɗin ya kamu, kuma daga baya aka gano sai kowa na gurbinsa yake kamuwa. Wani ɗan gidan nan, baƙin ƙarfe biyu, banadiyam ɗaya, alminiyam ɗaya, duka ukun ƙarafa ne na sosai, amma in sun jeru daidai sai ya daina halin ƙarfe ya koma kusa da halin 'yan dutsen nan, jerin ya zama kamar mashigi mai tace masu wucewa, matsin ya hau sosai. Ana kwaɗayinsa don kayansa suna da araha, ba kamar teluriyam da ya kusa zinari wuyar samu a ƙasa ba. Aibinsa zafi na ratsa shi fiye da kima saboda kyan jerin nasa, in kuma aka hargitsa shi don a tare zafin, wata musayar gurbin tana toshe mashigin a rasa duka, wata kuma ana cin riba da ita, ya danganta da wa ya hau kujerar wa. A nan masu bincike suke ta dambe.

Kar kaji wannan kace abin wasan yara ne. Kumbunan Voyager guda biyu da Amurka ta harba a 1977 da irin wannan suke rayuwa, zafin wani sinadari mai ɗumama kansa da ake kira fulutoniyam a ciki, sanyin sararin sama a waje, haɗin silikon da jamaniyam a tsakani, wajen wat 470 kowanne ya tashi dashi, babu abin da ke juyawa balle ya lalace, na farkon ya wuce kilomita biliyan 20 daga nan. Kuma abin da zai fi burge ka, a ƙauyukan Sobiyet inda babu wuta an yi wata fitilar kananzir mai rawani a saman ƙwanta, rawanin nan 'yan wat kaɗan yake bayarwa amma ya isa a kunna rediyo a sha labarai. Da irinta ta zo mana zamanin fitilar ƙwai ai da an huta da sayen batir.

Mu dawo lissafinka. Lambar 127 da ke cikin sunan tana nufin 'yan dutsen nan tagwaye 127 aka jera, gaba ɗaya suna bada wajen bolt ɗaya kan kowane digiri 20 na bambanci. In ka iya riƙe bambancin digiri 60, kuma wahala ce, zaka ga wajen bolt 3 a mita ba'a jona komai ba, kana jona kaya ya sauko rabi, abin da zaka samu bai fi wat ɗaya ba. Cajar waya ta yau da kullum wat 5 ce a bolt 5. Wato sai ka haɗa biyar ko shida, da 'yar na'urar daidaita bolt, da ruwan sanyi da kake ta canzawa, da gawayin da kake ta ƙonawa, duk don waya ɗaya, kai kuma talatin ke jiranka a tebur. Ko masu kyan ma da aka yi don wuta, cikin zafi ɗari wajen biyar suke mayarwa lantarki. Mutumin Gumel da rana ke dukan rufinsa tun hantsi har la'asar, wallahi faifan sola da batir ɗaya sun fi maka, ko da bashi ne.

Ɗayan da ya rage maka kar ka kai shi garwashi. Samo faranti mai kauri na alminiyam ka ɗora a gefen murhu inda in ka ɗiga ruwa zai fara 'yar ƙara kawai, kar zafin ya kai digiri 138 ɗin nan da dalmar ke narkewa, ka shafa ɗan man nan fari na masu gyaran kwamfuta a fuskokin biyu, ka ɗora tayil ɗin, ka danne shi da ƙaramar tukunya mai lafaffen gindi cike da ruwan randa. Jona ƙaramin fanka ko motar wasan yara zaka ga yana juyawa, in ruwan ya ɗumama zaka ga ya rage gudu, ka canza ruwa ya farfaɗo. Ka turo min lambar da mita ta nuna da sabon ruwa da kuma bayan minti goma.